Yadda Jelani Ya Tsayar da Jirgi a Kwatar Jega

A Jiga Birni, cikin ƙasar Aliero, akwai wani manomin albasa da ake kira Jelani. Albasarsa ba ta da laifi, kowa ya shaida. Bakinsa ne ke da laifi. In ka ce masa ka je Sakkwato, shi ya kwana can sau bakwai. In ka ce babur ɗinka na tari, tun ba ka rufe baki ba ya gaya maka ciwon, ya kuma ƙara da cewa wanda ya ƙera babur ɗin ma bai kai shi sani ba. Tushen wannan ilimi kuwa shi ne ya taɓa kwance injin ban-ruwansa ya mayar, injin kuma ya tashi, ko da yake kusoshi uku sun yi saura. Ya adana su a gwangwani, yana nuna wa baƙi a matsayin shaida cewa masu ƙera inji suna cusa abin da ba a bukata.

Wata shekara albasa ta yi tsada a tsakiyar damina. Jelani ya fasa rumbu ya sayar, ya ce zai je Yawuri gaishe da wani aboki. Bayan kwana huɗu sai ga shi a bayan a-kori-kura, zaune cikin wani jirgin ruwa na roba mai ƙarfi da ake kira faiba, ya rungume wani ƙaton inji kamar mai rainon jariri. Motar ta tsaya daidai teburin mai shayi, inda abokinsa Zayyanu ke zaune da sauran mutanen unguwa.

Zayyanu ya ajiye kofi ya ce, "Jelani, mi kak kawo muna?"

"Jirgi ne."

"Mun gani jirgi ne. To ina ruwanshi?"

"Ina ruwanka?" in ji Jelani.

Ya diro, ya karɓi kofin wani ya kurɓa, ya shimfiɗa musu shirinsa. Gulbi ya cika a Jega. Sarkawa masunta na can suna fama da tuƙa kwale-kwale da filafili, sai sun yi rabin yini kafin su kai inda kifi yake. Shi kuwa da inji zai riga kowa zuwa, ya riga kowa dawowa, kifinsa ya shiga kasuwa yana motsi. Kafin baɗi, in ba a naɗa shi Sarkin Ruwa ba, to lalle a naɗa shi wakili.

Wani dattijo ya ce, "Kai da ruwa bai taɓa wuce maka gwiwa ba, shi ma na lambatun albasa?"

"Baba, ba ruwan za ni tuƙa ba, inji za ni tuƙa. Inji kuwa duk ɗaya ne, fenti ne ya bambanta."

A gida ya tarar da matarsa Safara'u tana tankaɗe. Ta saurari shirin tun daga farko har ƙarshe ba ta ajiye rariya ba. Da ya gama ta ce, "Maigida, ka iya iyo?"

"Iyo na wanda ya faɗa ne."

"To," in ji ta. Ta buga rariya sau biyu. "In sa maka riga ta biyu cikin jaka?"

Washegari aka kai jirgi kwatar Jega, wato bakin gulbi inda masunta ke sauke kifi, mata ke saye, masu wanki kuma ke shanya a gefe. Zayyanu ya biyo shi, don Jelani ya yi masa alkawarin muƙamin mataimakin direba. Wanda ya taimaka aka ɗaura injin a gindin jirgi shi ne Baba Sabo, wani tsohon Basarke da ya yi shekaru yana tuƙa jiragen mutane a babban ruwa kafin ya dawo gida ya koma wa kamun kifi da taru. Ya ɗaure, ya jona batir, ya shafa injin ya ce mai kyau ne. Sannan ya tsuguna ya fara bayani.

"Ka ga wagga doguwar da ta shiga ruwa, mai farfela a ƙarshe? Ita muka cewa ƙafar inji. Maɓallin ga da ke bisa hannun tuƙi, shi ka matso da ita jikin jirgi, shi ka ɗaga ta baya. In za ka tashi, ka sauke ta sarai ta manne, hancin jirgi shi kwanta. In gudu ya kankama, sai ka ɗaga ta kaɗan-kaɗan har ka ji jirgi ya yi sauƙi a hannu. In kuwa za ka tsaya..."

"Giya ce," in ji Jelani.

"Ba giya ba ce."

"Sama gudu, ƙasa sannu. Baba Sabo, shekarata huɗu bisa babur. Ku nan kuna ce mata ƙafa, mu masu inji giya muka ce mata."

Baba Sabo ya dube shi, ya dubi gulbi, ya tattara kayan aikinsa ya koma can saman gaɓa, nesa da ruwa, ya zauna.

Jelani ya zaunar da Zayyanu a tsakiya. Ya ta da inji. Tun da ya riga ya yanke cewa sama gudu ne, kuma bai ga dalilin da mutum mai mutunci zai fara da giya ta ɗaya a gaban jama'a ba, sai ya danna maɓalli sama ya riƙe har ƙafar ta kai iyakarta. Sannan ya murɗe totur.

Gindin jirgi ya nutsa, hanci ya miƙe tsaye. Zayyanu ya sulalo da baya ya zauna a cinyar direba. Jelani ya duba gabansa, bai ga gulbi ba, bai ga gaɓa ba, sai sararin sama da wata shirwa tana shawagi. Ya ci gaba da tuƙi da abin da ya tuna na yadda gulbin yake ɗazu. Farfela ta fito rabi a waje tana kururuwa, tana feshin ruwan laka, ta bi shanyar masu wanki daga wannan kai zuwa wancan, ba ta tsallake ko hula ba. Daga nan jirgi ya ratsa ta tsakiyar wasu agwagi, ya kutsa cikin kainuwa, ciyawa ta naɗe farfela, inji ya yi tari ya mutu.

Sai da aka jefa musu igiya aka jawo su. Masu wanki na tsaye da sabulu a hannu suna jiran bayani, Jelani kuwa bai sa su jira ba.

"Jirgin ga ɗan Yawuri ne, ya saba da babban ruwa. Naku ya yi mai kaɗan, shi ya sa shika ɗaga kai shina neman sauran."

Wata mai saye da sayar da kifi, Iyatu, wadda duk kwatar ke shakkar bakinta, ta ce, "To ka gaya mai sauran ba sama shike ba."

Baba Sabo daga inda yake zaune ya ce, "Ka ɗaga ƙafa tun ba ka tashi ba."

"Na sani. Gwadawa ni kai in ga ko maɓallin na aiki."

"Shina aiki," in ji masu wanki.

Kwana na biyu Jelani ya zo da magani. Tun da hanci ne ke tashi, sai a danne shi. Ya kawo buhu biyu na albasar da Safara'u ta keɓe don miyar gida, ya jibge su a hancin jirgi, ya ɗora Zayyanu a kansu. Sannan ya danna maɓalli ƙasa har ƙarshe, ya rantse ba zai ƙara taɓa shi ba.

Tashin ya yi kyau, har wani ya tafa. Amma da gudu ya ƙaru, ƙafa na manne, ga nauyi a gaba, sai hancin ya soke cikin ruwa kamar garma a fadama. Ruwa ya rabu biyu ya haɗe a kan Zayyanu. Hannun tuƙi ya yi nauyi yana fizga gefe guda, Jelani ya ja, inji ya ja, inji ya fi ƙarfi. Jirgi ya karkace ya kama zagaye a gaban kwata.

Da ya zo wucewa na farko, Iyatu ta ɗaga hannu ta ce, "Sauka lafiya!"

Ya zagayo. "Sannu da zuwa! Ya hanya?"

Ya sake zagayowa. "Af, har za a koma? A gaida mutanen gida!"

A zagaye na huɗu buhu ɗaya ya fashe, na biyu ya bi shi, albasa ta bazu a kan ruwa ta nufi ƙasan gadar garin a jere. Ran nan duk wanda ya kama kifi a can ya same shi da kayan miyarsa. Jirgi bai daina zagaye ba sai da mai ya ƙare.

Jelani ya sauko yana tangaɗi ya ce, "Wannan shi aka cewa auna gulbi. Ba a shiga ruwa da inji sai an auna faɗinshi."

"Nawa ka samu?" in ji Iyatu.

"Sai na yi lissahi."

Kwana na uku babu albasa, don Safara'u ta zauna a kan abin da ya rage. Jelani ya tashi da ƙafa a ƙasa kamar jiya, tun da ya lura an tafa masa a nan. Da gudu ya kankama ya fara ɗagawa. Akwai wani ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido uku ba, da jirgin ya kwanta a kan ruwa sumul, ƙarar inji ta yi daɗi, hannun tuƙi ya saki. Amma Jelani ya ga in kaɗan ya yi daɗi haka, to da yawa sai abin da Allah ya yi. Ya ƙara dannawa. Hanci ya tashi, ya faɗo ya mari ruwa, ya tashi, ya faɗo, kamar jakin da aka sa wa barkono. Zayyanu ya buɗe baki zai yi salati ya ciji harshe. Hularsa ta tafi, takalminsa ɗaya ya bi ta. Haka suka yi ta sukuwa har jirgi ya hau wani tudun yashi ya zauna.

Zayyanu ya sauka da rarrafe. Da harshensa ya sarara ya ce ya ajiye muƙami, kuma daga yau ko randa zai leƙa sai ya dafa bango.

Baba Sabo ya taka cikin ruwa ya iso, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji. "Ka iske wurin, ka wuce shi. In ya fara tsalle, taɓa ɗaya ƙasa. Shi ke nan."

"Ai tsallen da gangan ne. Laka ni ka kakkaɓewa."

Amma da yamma, da kwata ta yi sauƙin jama'a, Jelani ya fita shi kaɗai ya gwada taɓa ɗaya ƙasa. Jirgi ya miƙe kamar an ja zare. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Tsayawa kuwa ba ta dame shi ba: yakan saki totur gaba ɗaya daga nesa, wani ruwa ya biyo baya ya ɗan fallatso masa a wando, jirgi marar kaya ya yi lilo ya lafa. Kafin a kira magariba ya gaya wa mai shayi, da mai faci, da wani baƙo da ke tambayar hanyar tasha, cewa ya gano wani sirri a injin nan da Sarkawa suka yi shekara ɗari suna nema.

Ana nan sai Sarkin Ruwa ya sa ranar buɗe wani gurbin kifi da ke can ƙasa da gari, wanda aka hana taɓawa tun farkon damina. Ranar ta faɗo daidai da ranar kasuwa. Matsalar ita ce masu motocin da ke sayen kifi mai rai suna tashi da azahar, da filafili kuwa ba a isowa kwata daga gurbin sai la'asar, kifi ya galabaita, sai dai a yi banda. Baba Sabo shi ne shugaban taru na gida biyar. Ya kwana biyu yana kallon yadda Jelani ke gudu yanzu, ya ga ba laifi. Ya kira shi.

"Za mu ba ka amana. Mu ja taru, kai ka kai kwata."

Jelani ya ce dama ya san za a zo nan. Ya aika Jiga Birni cewa duk mai ƙafa ya zo Jega ya ga yadda ake shigowa da kifi. Ya aika Aliero. Ya aika har Gumbin Kure, inda bai san kowa ba sai wani da suka taɓa haɗuwa a mota.

Ranar su, wato ranar kamun kifin, gurbi ya ba da kifi yadda aka daɗe ba a gani ba. Tun hantsi aka cika manyan robobi shida da tarwaɗa, baƙaƙe masu kauri kamar damtse, aka zuba musu ruwa don su isa da rai. Baba Sabo da kansa ya jera robobin a jirgi, biyu gaba, biyu tsakiya, biyu baya.

Cikin waɗanda Sarkin Ruwa ya gayyato su yi addu'ar buɗe gurbi akwai Malam Hashim na Sarandosa, malamin allo mai almajirai da yawa, mutum mai ƙarancin magana da farin rawani. Shi ne kuma mahaifin Safara'u. An kawo shi a bayan babur ta wata hanya mai ramuka, ƙugunsa bai gama yafewa ba, yana kuma so ya sami azahar a Jega. Jelani ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, kai a sunkuye kamar yadda ake yi wa suruki, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ga jirgi. Kafin a gama alwala mun isa."

Malam ya dubi babur, ya dubi jirgi. Ya tambayi Baba Sabo, "Ya iya?"

Baba Sabo ba ya son ƙarya a gaban malami. Ya ce, "Tahiya kam ya iya."

Aka shimfiɗa wa Malam darduma a tsakiya ya zauna. Baba Sabo ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu don kada a tashi bai gama ba.

"Jelani, saura karatu guda, wanda kak katse ni ran farko. Yau jirginka da nauyi. Tun daga gada ka fara sauke ƙafa, ka rage wuta sannu-sannu, awa mai sauke tulu daga ka. Ruwan da kaka turewa shina biye da kai a baya. In ka tsaya kwatsam, shi ba ya tsayawa."

"Ruwa shi bi ni?" in ji Jelani. "Shi kamo ni in shina iyawa."

"Kak ka taɓa jerin robobin ga."

"Baba Sabo, saki jirgi, kifi na jira."

Suna shan kwana, gurbi ya ɓace, Jelani ya ga wata tarwaɗa ta fantsama wa Malam ruwa a gefen riga. Wannan ba abin da suruki zai zuba wa ido ba ne. Ya dakata, ya jawo robobin tsakiya da na gaba ɗaya bayan ɗaya ya tara su a baya, kusa da ƙafafunsa. Gindin jirgi ya zauna har ruwa ya kusa leɓe. Malam ya lura, ya ce, "Ba a ce kak ka taɓa ba?"

"Allah shi gafarta Malam, wancan jerin masu filafili ne."

Da ƙyar jirgin ya tashi, amma ya tashi. Gaskiya kuma, tafiyar ta yi kyau. Jelani ya ɗaga ƙafa daidai, iska na kaɗa jelar rawani, gonakin shinkafa na wucewa a gefe, masu kwale-kwale na tsayawa suna kallo. Har Malam ya ɗan saki fuska ya ce, "Ikon Allah." Wannan kalma ita ta ƙarasa Jelani.

Gada ta bayyana. A nan ya kamata ya fara sauke ƙafa. Amma daga nan ne kuma ya hango kwata, baƙi ƙirin da mutane. Ga 'yan Jiga Birni sun yi sahu, ga Zayyanu a can saman gaɓa ya rungume wata bishiya, ga Iyatu da sauran mata da kwanduna, ga masu motoci, ga Safara'u cikin mayafi. Jelani ya tuna yadda yake shiga tashar Aliero da babur ranar kasuwa, a guje, ya taka birki a gaban mutane ƙura ta tashi. Ya ga babu dalilin da zai sa ya shigo gaban wannan taro yana rarrafe kamar mai bin gawa. Maimakon ƙasa, ya taɓa maɓalli sama, don hanci ya ɗan ɗaga a ga fentinsa. Ya ƙara wuta.

Malam ya ce, "Jelani."

"Na'am, Malam."

"Gaɓa ce waccan."

"Na gan ta, Malam."

Saura kamar taku talatin, mata sun fara ja da baya, Jelani ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ɗaya ya gaida jama'a, da ɗayan ya saki totur gaba ɗaya.

Jirgi ya tsaya cak. Hanci ya yi sama, gindi ya zauna. Jama'a suka buɗe baki za su yi shewa. Sai ruwan da aka baro a baya ya iso, tudu guda, bai yi sallama ba, ya hau ta kan inji ya shigo. Ya cika wa Jelani wando, ya ɗaga robobi shida ya kifar, ya wuce gaba ya ɗauki darduma. Na biyu ya biyo shi ya cike gurbin da ya rage. Jirgi ya yi ajiyar zuciya ya nutse a hankali, a miƙe, ba tare da ya karkata ba, har ya zauna a kan yashi.

Ruwan wurin iyakarsa ƙirji. Malam Hashim ya miƙe tsaye a cikinsa, rawani bai ko goce ba, yana kallon gabansa kamar mai jiran a ta da iƙama. Tarwaɗar gida biyar kuwa ta ga ƙofa a buɗe. Aka ga ruwa ya yi baƙi, ya motsa, ya watse ta ko'ina.

Sai muryar Iyatu: "To, wannan karon kam sannu da zuwa."

Kamar an ba da umarni, kowa ya faɗa ruwa. Mata da kwanduna, masu wanki da zannuwan mutane, 'yan Jiga Birni da ba su taɓa kama kifi ba suka cire riguna suna lalube. Wani direba ya cafko ɗaya ta soke shi ya saki. Aka yi ta ihu, ana karo, ana faɗuwa. Kifin da ya san gulbi tun yana ƙwai bai tsaya jiran manoman albasa ba. Masu motoci suka duba rana, suka tayar, suka tafi.

Mutum huɗu suka tallabo Malam zuwa gaɓa. Safara'u ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu." Ya ce, "Yawwa, ɗiyata. Alwala kam ta samu." Ba ta dubi inda mijinta yake ba. Ta ce wa wata mata da ke kusa, yadda zai ji, "A tambayi mai jirgin ko nan za a kai mai abinci."

Jelani na tsaye a ruwa, hannunsa har yanzu a kan hannun tuƙi. Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku shaida, daidai inda na yi niyya na tsaya. Ko taku ɗaya ban wuce ba."

Sai la'asar Baba Sabo ya iso da filafili, shi da mutanensa, a gajiye. Tun daga nesa ya ga kan inji ya leƙo daga ruwa kamar kan kada, ya ga robobi a kife a gaɓa. Bai yi ihu ba. Ya ɗaure kwale-kwalensa, ya tako, ya tsaya gaban Jelani, wanda aka fito da shi yana zaune a rana yana bushewa.

"Tambaya guda. Ka sauke ƙafa kafin ka rage wuta?"

Jelani ya gyara zama. "Ƙafa kaɗai? Baba Sabo, ni jirgin duka na sauke."

Wani daga cikin masu tarun ya ɗaga filafili, aka riƙe shi. Sarkin Ruwa, wanda ya iso a jirgi na biyu, ya yanke magana a tsaye: inji zai tafi wurin makaniki a zazzage masa ruwa, in ya tashi Baba Sabo ne zai riƙa tuƙa shi yana kai kifin gida biyar ɗin nan har ƙarshen kaka, Jelani kuwa ba zai ƙara taɓa maɓalli ba sai ranar da ya iya sauraron magana har ƙarshenta. Jelani ya buɗe baki tun Sarki bai rufe nasa ba, aka ce masa to ga shi nan, an ƙara masa wata guda a kan hukuncin.

Duk wannan Malam Hashim na zaune a kan turmin wani, cikin aron zane, babbar rigarsa na shanye a kan kwando. Sai aka ga rigar tana motsi. Malam ya tashi, ya sa hannu cikin aljihun gaba, wannan mai zurfi da ake sa carbi da goro, ya jawo wata tarwaɗa 'yar madaidaiciya tana kaɗa gemu. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya taka har gaban Baba Sabo.

"Sabo, ga amanarku. Abin da ya iso ke nan."

Baba Sabo ya karɓa, ya juya ta, ya dube ta ciki da baya. Mutanen gida biyar suka matso suna kallon rabonsu.

Jelani ya miƙe, ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya nuna kifin da yatsa, ya juya ga 'yan Jiga Birni.

"Kun gani ko? Tun hantsi anka kama ta, ga la'asar ta yi, har yanzu tana motsi. Ku tambayi Sarkawan ga, wa ya taɓa kawo musu kifi Jega da rai haka?"